LAIMAR KWAƊI MAI JUYA HANKALI: KAMA DA WANE BA WANE BA NE

In damina ta kankama, ƙasa ta ƙoshi da ruwa, akwai wani tsiro da ke fitowa cikin dare ɗaya. Ana ganinsa bisa juji, bisa kashin shanu, gindin ruɓaɓɓen icce, ko kusa da suri. Ba shi da ganye, ba shi da fure. Ƙafa ɗaya gare shi da ƴar malafa. Shi ne ake kira laimar kwaɗi. Wasu wurare ana ce masa naman kaza.

Laimar kwaɗi iri-iri ce. Akwai wadda ake ci, har ana noma ta a wasu ƙasashe. Akwai mai dafi, wadda ke kashe mutum. Akwai kuma ta uku, wadda ke juya hankali. Wanda ya ci ta yana ganin abin da babu, yana jin abin da ba a faɗi ba.

Labarin wannan ta ukun ya shiga salula. Samari suna gani, suna jin ana yabon ta. Ana cewa tsiro ne kawai, ba ƙwaya ba ce, don haka ba ta da illa. Wannan magana tana son gyara. Tinya ma tsiro ce, amma ba wanda ke ɗiga nononta cikin ido.

DAGA INA LABARIN YA FITO?

Labarin ya fito daga Meksiko, wata ƙasa da ke kudu da Amurka. Mutanen can sun san laimar tun kaka da kakanni. Tun ƙarni na 16 wani malamin Kirista ɗan ƙasar Sifen, mai suna Bernardino de Sahagún, ya rubuta yadda suke cin ta.

Cikin duwatsun jihar Wahaka akwai wata ƙabila da ake kira Mazatek. Su ba su ɗauki laimar abin wasa ba. Masu maganinsu ne ke riƙe da ita. Da dare ake ci, in ana neman sanin abin da ke damun maras lafiya. Akwai sharuɗɗa, akwai kuma babba da ke zaune yana tsaron kowa har gari ya waye.

A shekarar 1955 wani ma'aikacin banki daga birnin Niyok na Amurka, mai suna Gordon Wasson, ya isa garin Wawtila. Wata mai magani, María Sabina, ta yarda ya zauna tare da su, ya ci. A 1957 ya buga labarin cikin mujallar Life, wadda miliyoyin mutane ke karantawa a lokacin. Daga nan sai samarin Amurka da na Turai suka yi ta kwarara garin. Su ba magani suka zo nema ba, maye suka zo nema. Garin ya rikice, ƴan sanda suka shigo. Mutanen gari suka ɗora wa María Sabina laifi, har aka ƙona gidanta. Ta rasu a 1985 cikin talauci.

A 1958 wani masanin haɗa magunguna na ƙasar Suwis, Albert Hofmann, ya gano sinadarin da ke cikin laimar. Ya sa masa suna silosibin. Yau an san irin laimar kwaɗi sama da 100 masu ɗauke da shi. A 1971 ƙasashen duniya suka taru a birnin Biyana, ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya. Suka sa silosibin cikin jerin abubuwan maye da aka fi tsananta wa tsaro. Nijar tana cikin ƙasashen da suka amince da wannan yarjejeniya. Tana kuma da tata doka ta 1999, mai hukunta noma miyagun ƙwayoyi da sayar da su da shan su.

MI TAKE YI CIKIN JIKI?

In mutum ya ci laimar, silosibin yana shiga jini, ya hau ƙwaƙwalwa. Ƙwaƙwalwa ita ce ke karɓar saƙon ido da na kunne, ta gaya wa mutum abin da ke gabansa. Sinadarin yana rikita wannan aiki. Kamar a ce mai kai wasiƙu ya haɗe su duka, ya ba kowa ta wani.

Abin yakan fara bayan minti 20 zuwa 40. Yakan ɗauki awa 4 zuwa 6 kafin ya saki mutum. Ga abin da ake gani:

A jiki: tashin zuciya, amai, jiri, yawan hamma, rawar jiki. Baƙin ido yana buɗewa. Zuciya tana bugawa da sauri, jini yana hawa.

A hankali: launi yana sakewa, bango yana motsi, fuskar ɗan uwa tana komawa ta baƙo. Minti ɗaya yana zama kamar wuni. Wani ya yi ta dariya ba dalili. Wani tsoro ya kama shi, ya ga kamar mutuwa ce ta zo, ko ana bin sa za a kashe.

Ba wanda ya san wane zai samu cikin biyun. Mutum ɗaya ma yana iya yin dariya yau, wani karo ya faɗa cikin firgita. Kuma ƙarfin laimar ba ɗaya ba ne. Biyu da suka tsiro wuri ɗaya, wata tana iya ninka wata ƙarfi. Ido ba ya auna wannan. In an ci an ci, ba a iya tsayar da abin a tsakiya.

Gaskiya ɗaya ce, dole a faɗe ta. Silosibin shi kaɗai ba safai yake kashe mutum ba. Kuma ba ya kama jiki kamar yadda taba ko taramol ke kamawa. Masu yabon laimar nan suke tsayawa. Amma hatsarinta yana wasu wurare uku.

HATSARI NA FARKO: KUSKUREN TSINKA

Wannan shi ne mafi muni. Laima mai juya hankali yawanci ƙarama ce, mai launin ƙasa. Akwai wasu ƙanana masu launin ƙasa da ke kama da ita ƙwarai, amma dafinsu yana kashewa. Ɗaya daga cikinsu masana na kiran ta galerina. Wani lokaci su biyun suna tsirowa kusa da juna. Har waɗanda suka daɗe suna tsinka sukan yi kuskure. In kuma an shanya ta, ko an daka ta gari, mai saye ba shi da hanyar sanin abin da aka ba shi.

Dafin galerina iri ɗaya ne da na wata babbar laima mai suna amanita, wadda Turawa ke yi wa laƙabi da hular mutuwa. Ta fi yawa a Turai, amma ta bazu zuwa Amurka, Ostiraliya da wasu sassan Afirka. Cikin mutum 10 da laimar kwaɗi ta kashe a duniya, wajen 9 ita ce sanadi. Rabin malafarta ya isa ya kashe babban mutum.

Wannan dafi mayaudari ne. Ga yadda yake tafiya:

1. Awa 6 na farko, wani lokaci har wuni guda, mutum ba ya jin komi. Yana aikinsa, yana hirarsa.

2. Sai amai da zawo mai ruwa su taso da ƙarfi, da murɗar ciki, kamar kwalara.

3. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai abin ya lafa. Dangi su ce ya warke. Alhali dafin yana can yana cin hanta.

4. Daga kwana na uku ido ya yi rawaya kamar mai shawara, fitsari ya ragu, hankali ya gushe. Da yawa suna mutuwa cikin mako guda ko biyu.

Akwai maganganu da ake yi wajen gane mai dafi. Duk ba su da tushe. Ana cewa in tsutsa ko dabba ta ci, mutum ma yana iya ci. Ba haka ba ne, cikin tsutsa dabam, na mutum dabam. Ana cewa dafuwa tana kashe dafin. Ba ta kashewa: tafasa, suya, shanya, gishiri, duk ba su taɓa shi. Ana cewa mai dafi tana da ɗaci ko wari. Waɗanda suka ci amanita suka tsira sun ce daɗi gare ta. Ana cewa fara ba ta da illa. Akwai farare fat masu kisa.

HATSARI NA BIYU: HANKALI YA TAFI, ƘAFA TANA TAFIYA

Mai barci yana mafarki, amma yana kwance wuri ɗaya. Wanda ya ci laimar yana mafarki a tsaye. Yana iya gudu, yana iya hawa, yana iya ɗaukar wuƙa. Bai san nisa ba, bai san zurfi ba. Da yawa cikin waɗanda suka mutu bayan cin ta, faɗuwa ce ta kashe su, ko ruwa, ko mota.

A ƙasar Holan an daɗe ana sayar da ɗanyar laimar cikin kantuna. A watan Maris na 2007 wata yarinya ƴar Faransa, mai shekara 17, ta je yawon makaranta birnin Amsadam. Ta ci laimar, ta faɗo daga wuri mai tsawo, ta mutu. Bayan wannan da wasu haɗurra, gwamnatin Holan ta hana sayar da ita tun daga ranar 1 ga Disamba 2008.

A watan Oktoba na 2023 wani abu ya faru a Amurka. Wani matuƙin jirgin sama, wanda ba ya bakin aiki ran nan, ya shiga jirgi ya zauna ɗakin tuƙi bayan abokan aikinsa. Mutum sama da 80 ne cikin jirgin. Suna sama sai ya kai hannu zai kashe injin. Matuƙan biyu suka riƙe shi, suka sauke jirgin lafiya a birnin Fotlan. Ya gaya wa ƴan sanda ya ci laimar wajen kwana biyu kafin nan, bai yi barci ba, ya zaci mafarki yake yi.

Wannan mutum ne mai ilimi, wanda aka horar da shi ya riƙe hankalinsa. To, ina ga saurayi a ƙauye, inda rijiya take buɗe, tabki ya cika, wuta tana ci a murhu, babur yana ƙofar gida?

HATSARI NA UKU: TA DA CIWON DA KE KWANCE

Ga mafi yawan mutane abin yana wucewa cikin wuni. Ga wasu ba ya wucewa.

Akwai mutanen da taɓin hankali ke cikin zuriyarsu. Ciwon yana kwance, bai fito ba. Laimar tana iya ta da shi. Mutum ya yi makonni ko watanni yana jin muryoyi, yana zargin iyalinsa. Irin wannan ciwo yakan fara bayyana ne lokacin samartaka, wato daidai shekarun da ake son gwada abubuwa. Wanda ya taɓa yin ciwon kuma, tana iya maido masa da shi.

Wasu kaɗan idonsu ba ya komawa daidai. Watanni bayan nan suna ganin walƙiya, ko ɗige-ɗige, ko inuwa tana bin abin da ya gitta. Wasu tsoro da rashin barci suke bin su.

Mai ciwon zuciya da mai hawan jini suna cikin hatsari, don laimar tana ƙara wa zuciya aiki. Haka mai farfaɗiya. Mace mai ciki da mai shayarwa su nisance ta. Yaro ƙarami kuwa, ɗan kaɗan ya isa ya sa masa zazzaɓi mai zafi da jijjiga.

Haɗa ta da wani abu yana ninka hatsarin. Giya da wiwi suna ƙara ruɗewa. Taramol shi kaɗai yana sa jijjiga in an sha da yawa, balle an haɗa. Akwai wani maganin taɓin hankali mai suna litiyom. An ga mutane da yawa da suka haɗa shi da irin wannan abin maye suka faɗi suna jijjiga.

TO, BA AN CE LIKITOCI NA MAGANI DA ITA BA?

Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Manyan makarantun likita, kamar jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, suna gwada silosibin ga masu ciwon baƙin ciki mai tsanani, wanda sauran magunguna suka kasa. Tun ranar 1 ga Yuli 2023 ƙasar Ostiraliya ta yarda wasu zaɓaɓɓun likitocin ƙwaƙwalwa su ba da shi. A jihar Oregon ta Amurka mutane sun jefa ƙuri'a a 2020, aka buɗe wasu gidaje da ake ba da shi ƙarƙashin tsaro.

Amma a dubi yadda likitocin ke yi. Ba daji suke zuwa tsinka ba. Sinadarin tatacce ne, an auna shi da ma'auni, sau da yawa miligiram 25, kusan nauyin ƙwayar dawa ɗaya. Kafin a ba mutum, ana binciken zuciyarsa da jininsa da tarihin danginsa. Mai taɓin hankali a zuriya ba a ɗaukar sa. Ranar sha yana kwance cikin ɗaki, ma'aikata suna zaune kusa da shi daga farko har ƙarshe. Bayan nan ana ci gaba da ganin sa.

Aska a hannun wanzami magani ce. A hannun yaro rauni ce.

ƊAN UWANTA NA GIDA: ZAƘAMI

Ƙasar Hausa ta san wani tsiro mai irin wannan aiki. Shi ne zaƙami, wanda ake kira haukata yaro. Yana fitowa bisa juji da kangon gida. Furensa kamar kakaki, ƴaƴansa masu ƙaya, cike da ƙananan iri.

Zaƙami ba laimar kwaɗi ba ne, sinadarinsa ma dabam ne. Amma shi ma yana sa ganin abin da babu, kuma ya fi ta kisa. Baki yana bushewa, jiki ya yi zafi ba zufa, baƙin ido ya buɗe, fitsari ya tsaya, zuciya ta yi ta gudu. Mutum yana magana da waɗanda ba su nan, yana tsince-tsince a ƙasa, yana tuɓe tufafi. Abin yana kai kwana ɗaya ko biyu, ko fiye. In ya farka bai tuna komi ba. Tsakanin abin da ke sa maye da abin da ke kisa tazara kaɗan ce. Wanda ya zuba wa abokinsa zaƙami cikin shayi ko kunu don a yi dariya, da ran mutum yake wasa.

Duk wanda ya taɓa ganin aikin zaƙami ya san abin da ake nufi da gushewar hankali. Ba ya bukatar ya gwada baƙuwar laima kafin ya gane.

IN ABIN YA FARU, ƘAƘA ZA A YI?

1. Kada a bar mutumin shi kaɗai, ko na minti ɗaya. A nisanta shi da rijiya, tabki, wuta, hanyar mota, wuƙa da gatari. A ɓoye makullin babur.

2. A kai shi inuwa, wuri maras hayaniya. A kori ƴan kallo. Mutum ɗaya ko biyu da ya sani su zauna da shi. A yi masa magana a hankali, a kira sunansa, a gaya masa inda yake, a ce masa abin zai wuce.

3. Kada a doke shi, kada a yi masa dariya, kada a yi gardama da shi bisa abin da yake gani. Duka da tsawa suna ƙara firgita.

4. Kada a sa masa yatsa a maƙogwaro. Kada a ɗura masa nono, mai, ruwan gishiri ko jiƙo. Ba su karya dafi, kuma suna iya sarƙe shi. In yana iya sha da kansa, a ba shi ruwa mai tsabta kaɗan-kaɗan.

5. In ya suma ko yana amai, a kwantar da shi bisa gefe ɗaya, don kada aman ya koma masa huhu. In yana jijjiga, kada a sa masa cokali ko hannu a baki.

6. A kai shi gidan likita da wuri. A riƙe sauran abin da ya ci, a naɗe cikin takarda ko tsumma, a tafi da shi. A tuna ƙarfe nawa ya ci, ƙarfe nawa ciwon ya fara. In mutum da yawa suka ci, a tafi da su duka, har waɗanda ba su jin komi.

7. A gaya wa likita gaskiya, har da ƙwaya ko giyar da aka haɗa. Kunya ba ta ceton rai.

8. In yaro ya ci laimar da ba a sani ba, kada a jira alama. A tafi nan da nan. Amai da zawon da suka fara bayan awa 6 sun fi na nan take hatsari. Ko maras lafiya ya ce ya ji sauƙi, kada a fasa tafiya, kada kuma a fitar da shi asibiti sai likita ya sallame shi.

RIGAKAFI

Da damina, uwaye su riƙa duba tsakar gida da garke da safe. Laimar da ta fito a cire ta, a binne, a wanke hannu. Zaƙamin da ke kusa da gida ko cikin gona a tuge shi tun bai yi ƴaƴa ba, don kada irinsa ya shiga hatsi. A koya wa yara, musamman masu kiwo, kada su kai bakinsu abin da babba bai nuna musu ba.

Ƴan ci-rani su kiyaye. Laimar da ake ci a wata ƙasa tana iya kama da mai kisa a wata ƙasa. Abin da aboki ya miƙo, busasshe ko gari, ko cikin alewa, ba a san asalinsa ba. Ƙin karɓa ba tsoro ba ne.

Wanda baƙin ciki ko damuwa ta dame shi, har yana neman abin da zai mantar da shi, ya nemi wani babba da ya yarda da shi, ya kuma je gidan likita. Ciwon yana da magani.

Hankali shi ne jarin manomi. Da shi yake sanin lokacin shuka, da shi yake lissafin damma, da shi yake riƙe gida. Ba a sayar da shi a kasuwa, ba a aron na maƙwabci. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a dandali da wurin hira. In kunne ya ji, jiki ya tsira.